Ƙarfen Da Ke Kan Dutsenmu

Sallama gare ku masu bibiyata a wannan zaure. Waɗanda suka turo suna cewa na cika zargi, na ji, kuma na gode. Ku karanta na yau tukuna, sannan ku sake yi min hukunci.

Ga wanda yau ya fara leƙowa: sunana Asta, 'yar Alhaji Hammawa mai fataucin shanu, ina ajin ƙarshe a jami'a. Gidanmu yana Naraguta, can sama, jingine da wani dutse da kakanmu ya mallaka tun zamanin haƙar kuza. In ka hau kansa kana hango rabin Jos. Da ba shi da wani amfani sai shanyar wanki da barkono. Shekara huɗu da suka wuce Oga Onyekwere, mai kamfanin intanet ɗin nan Kwere Net, ya zo ya roƙi Baffa, wato mahaifina, ya bar shi ya kafa dogon ƙarfensa a kai, wanda ke raba wa unguwanni intanet ta iska. Baffa ya yarda, aka rubuta takarda ta shekara huɗu, mu kuma aka ja mana waya har falo kyauta.

Kyauta dai kam. Amma in na danna shafi, sai na je na ɗora ruwan shayi na dawo ban ga komai ba sai farin allo. Takarda ɗaya ta binciken da nake rubutawa sai ta ci min daga azahar zuwa la'asar, ta kai kusan ƙarshe ta yanke. In na yi ƙorafi, Oga Onyekwere ya yi dariya da Hausarsa wadda ba ta raba mace da namiji.

"Asta, kai ka yi haƙuri. Abin daga sama ne yake zuwa. Ko ni haka nake sha a gidana."

Ba wani kamfanin da za a koma, sai muka yi haƙurin. Shekara huɗu cur.

Sai bana, farkon damina, wani sabon kamfani mai suna Samaniya ya shigo gari. Alluna ko'ina, daga Terminus har hanyar Bukuru, wai saurinsu ya ninka na kowa sau huɗu. Injiniyansu ya zo sashenmu yana nuna wa ɗalibai, dogo, wankan tarwaɗa, da farar shadda da agogo mai baƙar fata. Na ɗaga hannu na tambaye shi ko saurin nasu yana jure ruwan Jos. Aka yi dariya, shi ma ya yi. Da aka tashi ya biyo ni har bakin titi.

Adnan ke nan.

Ba zan ɓoye muku ba, ya shiga raina. Yana da natsuwa, ba ya katse mutum in yana magana. Wata uku yana zuwa gidanmu, Laraba da Lahadi, bayan la'asar, a jar motarsa. Inna kuwa kamar ita ta haife shi. Ranar da ya kawo mata turaren wuta da bargo mai laushi saboda sanyin Agusta, sai da ta kwana biyu tana zancen.

"Shekararki ashirin da huɗu, Asta," ta ce tana tankaɗe garin masara a tsakar gida. "Yaro ya ce kawunnansa na unguwar Congo-Russia za su zo gaisuwa, kin tsaya kina cewa a jira, a jira. Me ake jira?"

"Ina so in gama rubutun makaranta, Inna."

"Rubutu ne zai hana dattijai zama a tabarma?"

Ta yaya zan gaya mata abin da ke cina? Abin ba a kama shi da hannu.

Ga shi dai. Tun zuwansa na biyu na lura Adnan ba ya fitowa daga mota sai ya ɗaga kai ya kalli ƙarfen nan. Ba kallon wucewa ba, kallon mai aunawa. Wata rana muna hira a baranda, ina sanye da sabuwar atamfata mai ruwan goro wadda na yi kwana uku ina bin tela a kanta, sai ya ce, "Tsawon ƙarfen nan zai kai ƙafa ɗari kuwa?" Atamfar ko kallo ba ta samu ba. Wata ranar kuma, cikin zancen abincin da na fi so, ya sako, "Takardar Baffa da mutumin nan, ƙarshen watan nan za ta ƙare ko?"

Wa ya gaya masa? Ni dai ban gaya masa ba.

Ba a yi sati ba manyansa suka aiko wa Baffa wasiƙa, suna neman in wa'adin Onyekwere ya cika a ba su dutsen. Baffa ya ninke ta ya sa a aljihu, ya ce zai yi tunani. Baffa ba ya gaggawa. Ko saniya zai saya sai ya zagaye ta sau uku ya tafi gida ya kwana.

To ku ji abin mamaki. Kwana biyu da zuwan wasiƙar nan, da safe na kunna kwamfuta, na danna shafi, na miƙe zan tafi ɗora shayi kamar kullum. Kafin in sa takalmi ya buɗe. Na zauna. Na danna wani, ya buɗe. Takardar da ta gagare ni sati biyu ta sauka kafin in gama ɗaura ɗankwali. Wallahi sai da na duba ko kwamfutar wani ce.

Da hantsi sai ga Oga Onyekwere da kansa, da kwalin lemo a hannu, mutumin da rabonmu da ganinsa tun babbar salla.

"Alhaji! Na ƙara muku wuta. Duk Naraguta na ƙara. Mun sayo sabon inji."

Baffa ya yi godiya. Ni kuwa ina bayan labule ina tunani: yaushe aka kawo injin? Ƙarfen yana kan dutsenmu, ba wanda ya hau shi tun watan jiya. Ashe saurin yana hannunsa duk shekarun nan, ya matse shi kamar bakin famfo, sai da ya ji wani zai ƙwace masa wuri ya saki.

Daga ranar na daina yarda da kowa. Idan mutumin da ke kiran Baffa yayansa zai iya kallon idona shekara huɗu yana cewa abin daga sama ne, me zai hana mai farar shadda ya kalli idona wata uku yana cewa yana sona?

Kada ku ce ban yi ƙoƙarin kore tunanin ba. Na yi. In saƙonsa ya shigo wayata da safe, "Barka da asuba, gimbiyar kan dutse," sai in ji daɗi, sai kuma in tsaya a kan kalmar ƙarshe. Me ya kawo dutse cikin gaisuwa?

Ranar Talata na yanke shawarar da har yanzu ban san ko daidai ce ba. Ina zaune a gefen gado, ana yayyafi, na rubuta masa:

"Albishir mara daɗi. Baffa ya yanke, Onyekwere zai bar wa dutsen, shekara biyar. Bai gaya wa kowa ba tukuna, har shi Onyekweren. Ka riƙe a cikinka."

Ƙarya ce tsagwaronta. Baffa bai yanke komai ba, yana ma can kasuwar shanu. So nake in gani: in dutsen ya fita daga hannunsa, zai zo ranar Laraba ko ba zai zo ba?

Na tura. Minti biyar, goma. Sai ga amsa:

"Allah ya sa haka ne mafi alheri. Ba don dutse nake zuwa ba. Sai gobe in sha Allah."

Jama'a, na rungume wayar nan kamar jaririya. Na ji kunyar kaina. Na ce Asta, kin zalunci bawan Allah. Har na shiga kicin na ce wa Inna gobe ni zan yi masa dambun nama da kaina. Ta kalle ni ta gefen ido ta yi murmushi.

Washegari da safe na kunna kwamfuta zan tura wa malamina babi na uku.

Farin allo.

Na jira. Na kashe na kunna. Na ɗora shayi, na sha, na wanke kofin, na dawo. Shafin ya buɗe rabi ya tsaya, kamar yadda yake yi shekara huɗu. Na leƙa taga: sama tas, ko gajimare babu.

Na zauna na riƙe kaina. Mutum ɗaya tak na gaya wa cewa Onyekwere ya samu dutsen. Mutum ɗaya. Ga shi cikin kwana guda famfon ya koma a matse.

Na kira Dantong, ma'aikacin Kwere Net da ke zuwa mana gyara. Magidanci ne mai 'ya'ya huɗu, mutumin Kuru, ba shi da yawan magana. Ya zo a babur ɗinsa wajen sha ɗaya, ya duba waya, ya duba ƙaramin akwatin da ke falo, ya goge shi da hankici ko ƙura babu.

"Komai lafiya yake, Asta. Ƙila iska ce."

"Wace iska, Oga Dantong? Dubi ganyen mangwaron can, ko motsi yake?"

Ya kalli mangwaron. Ya kalli ƙasa. Na zuba masa kunun gyaɗa mai zafi na ajiye a gabansa, na zauna na zuba masa ido. Ya sha rabi kafin ya yi magana.

"Ni dai ma'aikaci ne. Jiya da yamma Oga ya ce a mayar da layin Naraguta inda yake da. Na mayar."

"Haka kawai?"

"Ya yi baƙo dai."

"Wane baƙo?"

Ya juya cokali a cikin kofi. "Kin fi ni saninsa. Mai jar motar nan. Sun kusa awa biyu a ofis, ƙofa a rufe. Da suka fito Oga har da raka shi bakin mota yana dafa masa kafaɗa." Ya miƙe ya ɗauki jakarsa. "Ban gaya miki komai ba fa."

Na yi dambun naman. Kada ku tambaye ni dalili, ni ma ban sani ba. Na daka shi kamar shi ya yi min laifi. Bayan la'asar na sa doguwar riga baƙa ba ado, na yafa mayafi ruwan toka, ko kwalli ban sa ba. Inna ta ce, "Haka za ki fita wajen baƙo kamar mai zaman makoki?" Na ce kaina ke ciwo.

Ya zo a kan lokaci, da shuɗiyar shadda da ledar tuffa a hannu. Ya gaishe da Inna har ƙasa, aka ba mu falo. Na ajiye masa dambun, ya ɗanɗana ya lumshe ido.

"Wannan hannunki ne ko na Inna?"

"Ina ka je jiya da yamma?"

Cokalin ya tsaya a hanya. "Jiya? Ina ofis... na ɗan fita."

"Ina?"

Ya ajiye cokalin a hankali. Na ba shi wannan: bai ƙara ƙarya a kan ta farko ba.

"Wajen Onyekwere."

"Na ce ka riƙe a cikinka."

"Asta, saurare ni. Manyana sun ɗora min neman wuri mai tsawo a arewacin gari. In na koma na ce musu na rasa, aikina ne a kan layi. Sai na ga tunda shi ya samu, gara in je mu daidaita. Zai ba mu gefe a jikin ƙarfensa mu rataya namu mu harba can wajen Bukuru da Rayfield. Mu kuma mu bar masa Naraguta da Farin Gada, ba za mu shigo ba. Kowa ya ci gefensa, an huta da faɗa."

"An huta," na maimaita. "Wa ya huta? Ka san yau tun safe ban iya tura babi ɗaya ba? Ka san duk unguwar nan an mayar da mu inda muke? Faɗan naku ne ya sa muka sha iska kwana goma. Ranar da kuka shirya, ranar aka shaƙe mu."

Da alama bai san an rage ba, ko kuma ya iya nuna kamar bai sani ba. Da Adnan ban taɓa iya bambancewa ba.

"Ban ce ya rage muku ba, wallahi."

"Ba sai ka ce ba. Ka cire masa tsoro, shi ke nan."

"Wannan harkar aiki ce. Abin da ke tsakanina da ke daban ne."

"To bari in gaya maka wani abu, sai mu ga ko daban ne." Na gyara zama. "Baffa bai yanke komai ba. Ƙarya na yi maka."

Na kafa masa ido, don wannan ne abin da nake son gani. Fuskarsa ta sauya sau uku. Farko mamaki. Sannan wani abu mai kama da ɓacin rai. Sannan, na rantse muku, wani ɗan haske ya gifta a idonsa, hasken mutumin da aka ce masa kasuwa ba ta watse ba. Hannunsa ya tafi aljihun da wayarsa take, ya taɓa, ya dawo.

"Gwada ni kika yi," ya ce a hankali.

"Eh."

Kafin ya ƙara wata kalma muka ji ƙarar motar Baffa a ƙofar gida. Ba lokacin dawowarsa ba ne. Ya yi sallama ya shigo falon kai tsaye, babbar rigarsa da laka a gefe, sandarsa a hannu. Adnan ya zame daga kujera ya durƙusa. Baffa ya amsa gaisuwar a taƙaice ya zauna.

"Asta, tsaya, kar ki fita. Ina hanyar dawowa Onyekwere ya tare ni a Farin Gada. Ya riƙe hannuna biyu yana godiya, wai ya ji na bar masa dutse shekara biyar, har zai aiko da rago. Na tsaya kamar wawa a bakin titi. Ban ce masa eh ba, ban ce masa a'a ba, don ban san daga ina maganar ta fito ba." Ya dube ni, ya dubi Adnan. "A gidan nan wa yake yanke hukunci da bakina?"

Baffa bai taɓa dukana ba, amma ƙarya ita ce abin da ba ya yafewa da wuri. Na buɗe baki.

"Ni ne, Baffa," in ji Adnan.

Na juya na kalle shi. Kansa a ƙasa.

"Ni na kai masa maganar. Hira muke da Asta, na fahimce ta ba daidai ba, na yi gaggawa. Laifina ne, a gafarce ni."

Baffa ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya juyo gare ni, ya yi min irin kallon da yake yi wa saniyar da aka shafa wa mai don ta yi sheƙi. Ya san ni tun ina cikin zani.

"Haka ne, Asta?"

Da na yi shiru da maganar ta wuce. Adnan ya shimfiɗa min hanya, saura in taka. Amma in na taka, na shiga hannunsa ke nan, ni da ban san ko hannun na masoyi ne ko na ɗan kasuwa ba.

"A'a, Baffa. Ni na ce masa ka yanke. Ƙarya na yi don in gwada shi."

Inna, wadda ashe tana bakin ƙofa, ta saki salati. Baffa ya ɗaga mata hannu. Ya jingina sandarsa da kujera, ya cire hula ya shafa kai ya mayar.

"Ke kin yi ƙarya. Shi an ba shi amana ya kai kasuwa, ya dawo ya ƙara da wata ƙaryar don ya rufa miki. Shi kuma Onyekwere sai da wasiƙa ta zo ya ƙara mana wuta, ashe shekara huɗu yana ba mu rabin abin da yake da shi." Ya girgiza kai. "Ni ban san kan abin nan naku ba, ban taɓa danna shi ba. Ke kike amfani da shi. Tunda kin fara yanke hukunci da bakina, sai ki ƙarasa da naki. Dutsen yana hannunki. Wanda kika ce a ba, shi zan sa wa hannu ƙarshen wata. Maganar kawunnansa kuma, ita ma sai abin da kika ce."

Ya miƙe ya shige ciki zai yi alwala.

A gaban Adnan ya faɗa. A gabansa! Ban sani ba ko hukunci Baffa ya yi min ko gata. Da ina da shakka ɗaya, yanzu ya mayar da ni ni ce dutsen. Duk murmushin da za a yi min daga yau, duk tuffa, duk gaisuwar asuba, ta ina zan gane na wane ne?

Na raka shi bakin mota don Inna ta matsa. Wannan karon bai ɗaga kai ya kalli ƙarfen ba, kuma har wannan sai da na zarga: ya san ina kallonsa ne.

"Abin da aka yi a falon nan ya tsaya a falon," na ce.

"Na yi miki alkawari."

"Jiya ma amana na ba ka."

Ya shiga mota ya gangara.

Na koma ɗaki na cire mayafi na zauna. Ba a jima ba saƙonsa ya shigo:

"Ki ba Onyekwere in kina so, ko ki sa a sauke ƙarfen gaba ɗaya. Ni ke nake nema. Ki ba kawunnaina rana."

Na karanta sau uku. Zuciyata ta fara yin laushi, ba zan yi muku ƙarya ba. Mutumin da ya ɗauki laifina a gaban Baffa ne fa. Na fara rubuta amsa, na kai "Asabar mai zuwa", sai wayar ta hau ruri a hannuna.

Oga Onyekwere.

Shekara huɗu yana da lambata, bai taɓa kirana ba ko sau ɗaya, ko da layinmu ya mutu sati guda. Kullum Baffa yake nema. Na dubi agogon bango. Minti ashirin da biyu da fitar jar mota daga gidanmu.

Na ɗaga.

"Asta, 'yata!" Muryarsa kamar zuma. "Yaya karatu? Ina so in zo gobe in gaishe ka. Ke kanki, ba Alhaji ba."